Kingfish da gardamar Yaya

Laraba, dare.

Da safe ina goge-goge Spotify ya jefo min wata waƙar blues, tsohon salon kiɗan baƙaƙen Amurka, da ban nema ba. Murya mai kauri, jita na kuka a bayanta, har na ɗauka wani dattijo ne da ya daɗe da rasuwa. Ashe Christone Ingram ne, wanda ake kira Kingfish, haihuwar 1999 a Clarksdale ta jihar Mississippi. Faifansa na biyu sunansa 662, lambar wayar yankinsu ke nan, shi ne kuma ya ciyo masa Grammy a 2022. Shara ta tsaya nan. Daga shi na faɗa kan Larkin Poe, 'yan mata biyu ya da ƙanwa, ita Megan tana kwantar da jitarta tana goga ƙarfe a kan tsirkiyoyin. Kafin rana ta yi tsaka na kai ga Vulfpeck, wata ƙungiyar masu kiɗan funk mai motsa jiki, ina ta rawar kai ni kaɗai.

Da yamma Yaya ya leƙo, na kunna Kingfish na miƙa masa iyafis cike da ɗoki. Ko minti ɗaya bai yi ba ya cire.

"Yaron ya iya," in ji shi, "amma ai tsofaffin gwanayen jita irin su Albert King ne yake maimaitawa. Na asali suna nan, me zan yi da kwafi? Da tsohuwar zuma ake magani."

Na ce, "Haba Yaya, shi Stevie Ray Vaughan ɗin da kake yi wa kirari, a wurin wa ya koyi jan tsirkiya? Ba Albert King ba? Har zama suka yi tare a wani gidan talabijin na Kanada a 1983, kai ka nuna min bidiyon. B.B. King ma da bakinsa ya ce jin T-Bone Walker ne ya sa shi son jitar lantarki."

Ya ce wannan daban. Na ce ta ina? Ya yi dariya ya kama duba waya.

Abin da na so in faɗa masa, bakina bai ba ni ba a lokacin: blues dama gini ɗaya ne, gaɓa 12 a kan haɗin sauti uku, a zagaya a dawo farko. Kowa a cikinsa yake. Bambancin yana hannu, yadda mutum zai ja tsirkiya ya riƙe ta, da inda zai yi shiru. Kingfish yana da zafin hannu, wani lokaci har ya yi yawa, amma idan ya lafa ba ya kama da kowa.

Kan funk kuwa ya ɗan kama ni. Ya ce Vulfpeck kiɗan 'yan makaranta ne, tsaftarsa ta yi yawa. To, a Jami'ar Michigan suka haɗu, aka kafa ƙungiyar a 2011, kuma gaskiya ba su da ƙurar da ke cikin gangar Zigaboo Modeliste na The Meters. Amma bugun farkon nan da James Brown ya ɗora funk a kansa, Joe Dart na Vulfpeck yana dira a kai daram da bes ɗinsa, jitar nan mai kaurin sauti. Mutanen da suka cika Madison Square Garden, babban zauren wasa na New York, a 2019 ba tare da babban kamfanin faifai ba, ai ba a kore su da magana ɗaya.

Ba gardamar ce ta tsaya min a rai ba. Saurin cire iyafis ɗin ne. Wannan fa shi ne mutumin da yake zaunar da ni ina ƙarami, ya mayar da kaset baya, ya ce in bar muryar in bi bes kawai. Duk abin da kunnena ya iya, shi ya koya masa. Yau na kawo masa abu, ya yanke hukunci kafin jitar ta shigo sosai. Ni kuma yanzu na'ura ce ke zaɓo min, kuma abin haushi, ta iya zaɓe. Tana ƙara min, amma ba ta taɓa ce min in bi bes ba.

Ummi ta kira, ban daɗe ba. Kai na ɗan sarawa. Wankin yana nan yadda yake.

Na tura wa Yaya waƙar Gary Clark Jr., wani mai jitar blues na zamani, ba tare da na rubuta komai ba. Ya buɗe, bai amsa ba. Gobe Marcus King zan bi, an ce muryarsa ta fi jitarsa, ina so in ji da kunnena.