Ba a haɗa cututtukan zuciya a yi musu magani rana ɗaya

Duk wanda ya zauna a zaure gaban malami a Sakkwato yana karatun tarbiyyar zuciya, ba zai daɗe ba zai gane cewa malaman nan ba su ɗauki gyaran hali a matsayin wa'azi mai sa kuka kawai ba. Fanni ne mai babi-babi kamar fiƙihu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware rubu'i guda na littafinsa Ihya'u Ulumiddin ga halaye masu halakarwa, wani rubu'in ga masu tsirarwa. A kan wannan turba Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa karantar da jama'a: jiji da kai, girman kai, hassada, ƙullata, riya, rowa da munana zato a gefe guda, sai tuba, ikhlasi, haƙuri da tawakkali a ɗaya gefen. Babban abin da na ɗauka daga wannan karatu shi ne, kowace cuta da sunanta da maganinta, kuma bi da bi ake kama su.

Nan ne yawancinmu ke tuntuɓe. Mutum ya ji ƙunci a ransa, sai ya ninka wuridi, ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis, ya ɗora tsayuwar dare, duk cikin mako guda. Kafin wata ya ƙare ya ajiye su gaba ɗaya, kuma yana nan yana daka wa iyalinsa tsawa a kan gishirin miya. Ibadar ba ta da laifi, shi ne bai gano inda ciwon yake ba. Ga kuma hadisin Bukhari da Muslim da ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne.

Gano ciwon ba abu ne mai sauƙi ba, domin ido ba ya ganin kansa. Gazali ya kawo hanyoyi huɗu: malami masani, aboki mai gaskiya, abin da maƙiyi ke faɗa a kanka, da aibin da kake ƙyama in ka gan shi a jikin wasu. Ta ukun ce mai ɗaci, amma ta fi yawan faɗin gaskiya. Mata ma su nemi malamar da suka amince da ita, kuma ba baƙon abu ba ne a garin nan, inda Nana Asma'u ta horar da jajis, wato mata jagororin koyarwa, suna kai karatu har cikin ƙauyuka. In mutum biyu da ba su san juna ba suka ambata maka hali ɗaya, to da shi za ka fara.

Aikin yini kashi uku ne. Bayan sallar asuba, kafin ka taɓa waya, ka gindaya wa kanka sharaɗi ɗaya, wato musharaɗa. Sharaɗin ya zama wanda za a iya aunawa. "Yau zan zama mutumin kirki" ba sharaɗi ba ne, buri ne. "Yau ba zan ambaci wanda ba ya nan da abin da zai ƙi ji ba" shi ne sharaɗi, don da dare za ka iya cewa ka cika ko ka saɓa. Da rana sai muraƙaba, wato sa ido a kan zuciya, kuma salloli biyar sun isa su zama wuraren dubawa: kafin ka yi kabbara ka tambayi kanka me ya faru tun sallar da ta wuce. Bayan isha'i sai muhasaba, wato yi wa kai hisabi, minti goma sun isa. Ka yi ta yadda ɗan kasuwa a Tsohuwar Kasuwa ke zama da yaronsa bayan an rufe shago: me ya shigo, me ya fita, wa ake bi, wa ke bin mu. Ka rubuta layi biyu ko uku, da boko ko da ajami, musamman lokacin da ka zame da abin da ya jawo. Bayan makonni huɗu zuwa shida za ka ga zamiyar tana da lokutanta da mutanenta.

Ɗauki fushi. Sunna ta ba da matakai a fili: ka yi ta'awwuzi, ka yi shiru, in kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka kishingiɗa. Abin da ke ɓata su shi ne jinkiri. In baki ya riga ya buɗe, ba a tuna ta'awwuzi. Don haka sai ka san alamar da ke riga fushinka zuwa, ko zafin ƙirji ne, ko ɗaga murya, ko saurin numfashi, ka kama shi tun daga nan. Kuma kada a raina jiki. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, dare ba barci in babu wuta, rana ga ƙishirwa. Wanda ya kwana yana juyi haƙurinsa gajere ne, kuma ƙailular rabin sa'a da ruwa isasshe na iya rage masa faɗan la'asar fiye da dogon zargin kai.

Hassada kuwa da kishiyarta ake korarta. Wanda ranka ke ƙuna in an yabe shi, ka yi masa addu'ar ƙarin albarka da sunansa a bayan idonsa, ka faɗi alherinsa guda a gaban mutane, in da hali ka kai masa kyauta. Da farko harshe ne kawai zai yi, zuciya na ja da baya. Wannan ba munafunci ba ne, horo ne, sai a daure.

Akwai ƙuncin da istigfari kaɗai ba ya ɗauke shi, saboda haƙƙin wani ne a wuya. Sharuɗan tuba uku ne, barin laifin, nadama da ƙudurin ba za a koma ba, amma in da haƙƙin mutum sai na huɗu, a mayar masa. Bashi a je a tsara biyansa ko da kaɗan-kaɗan ne. Gadon marayu ko na 'yan'uwa mata da aka danne a fito da shi. Gaba kada ta wuce kwana uku. Gulma ce ke da sarƙaƙiya: malamai da yawa sun ce in gaya wa mutumin zai tayar da fitina, to ka nema masa gafara, ka kuma yabe shi a majalisar da ka ɓata shi.

Muhasaba ma tana lalacewa. In ta zama duka da zagin kai har mutum ya fara yanke ƙauna, ta kauce hanya, a taƙaita ta kuma a fara da ƙirga ni'imomi uku kafin laifi ɗaya. Mai waswasi, wanda ke maimaita alwala da niyya, bai kamata a ƙara masa dogon binciken kai ba sam.

Sai iyakar wannan fanni, wadda nake so iyaye da malaman zaure su riƙe da kyau. In baƙin ciki ya kai mako biyu bai ɗaga ba, barci da cin abinci sun rikice, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ko mai jego ta kasa sakewa da jaririnta, wannan ba raunin imani ba ne, ciwon damuwa ne mai magani. A ci gaba da addu'a, a kuma kai shi ga likita, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. In kuwa ya fara zancen gara ya mutu, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai kafin a isa.