Ƙofar gidan su Iya a Damagaram

Iya ce ta sa na yi tafiyar nan. Kakata ce ta wajen uba, haifaffiyar Damagaram, an kawo ta aure Fagge tun tana yarinya, kuma rabonta da gida ya haura shekara ashirin saboda ciwon ƙafa. Ranar da na ce mata zan leƙa Nijar na zaci turare ko kilishi za ta yi mini sautu. Sai ta kama hannuna ta ce, "Maigidan, ka ɗauko mini ƙofar gidanmu in gani."

Kyamarar wayata ta daɗe da dushewa, don haka na sayi wata 'yar ƙaramar kyamara ta hannu, irin wadda ba ta fi sabulun wanka girma ba. In ka kunna ta idonta ya zuro waje, in ka kashe ya koma ciki. Na haɗa da batir na biyu da katin memori, na zura ta a aljihun gaba.

Mun tashi daga Kano bayan asuba, cikin sanyin hunturu, muka bi ta Kazaure da Daura har Kongolam. Tun kafin mu isa iyaka direba ya waiwayo ya ce, "Malam, ɓoye abin nan, nan ba a ɗaukar hoto." Na bi maganarsa. A nan na canji kuɗi, na fara koyon lissafin mutanen Nijar: dala sefa 5 ce, jaka kuwa sefa 1,000, in mai shayi ya ce maka ɗari to 500 yake nufi. Daga Matamaye zuwa Zinder, wato Damagaram, barci na yi. Tafiyar wajen kilomita 240 ce, amma da tsaye-tsayen hanya sai da la'asar muka shiga gari.

Abin da ya fara ɗaukar idona duwatsu ne. Manya-manya, mulmulallu, wani kan wani, gidaje sun raɓe a jikinsu kamar tare aka halicce su. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bakin Birni, tsohuwar unguwar da fadar Sarkin Damagaram take, na shiga lungu ina tambayar gida da sunan mahaifin Iya. Tsoho na uku da na gaisar shi ya haɗa ni da yaro ya kai ni.

Ɗan ƙanen Iya ne maigidan yanzu, Kawu nake ce masa. Da na faɗi wanda ya aiko ni sai ya yi shiru, ya share ido da bakin rawani, sannan ya sa aka kawo fura. Washegari shi da kansa ya zaga da ni. A ƙofar fada, inda dogarai ke zaune cikin jajayen riguna, ya ba ni labarin Sarki Tanimu da ya kewaye garin da ganuwa ya kuma tara bindigogi, da yadda aka kashe Bafaranshe Kazamaju a 1898, Faransawa suka dawo da yaƙi a shekarar da ta biyo. Ya ce Zinder ce hedikwatar ƙasar kafin a mayar da ita Yamai a 1926, kuma yadda ya faɗi maganar za ka san har yau abin na yi masa ciwo.

A lungunan nan na gane amfanin ƙaramar kyamara. Mai rataye da babba, da an hango shi za a ce ɗan jarida ne ko ɗan rakiyar Turawa, kowa ya kama jikinsa. Tawa kuwa tana cikin tafin hannu, sai mun gaisa mun yi hira sannan in fito da ita in nemi izini. Dukawa a rumfarsu sun yarda, har ɗaya ya ɗaga jakar da yake ɗinki don zanen ya fito. Wata baiwar Allah mai daka ta ce a'a, na mayar aljihu na ba ta haƙuri. Haƙƙinta ne, kuma ina ganin duk mai yawo da kyamara ya kamata ya saba jin wannan kalmar ba tare da ɓacin rai ba.

Hazo ya koya mini lokaci. Da rana tsaka komai fari fat yake fita, zanen bangon gidaje ya ɓace. Da hantsi ko bayan la'asar kuwa, in rana ta kwanto, kowane layi da magini ya fitar a jikin soro sai ya yi inuwarsa. Rana ta biyu ƙura ta shiga idon kyamarar ya maƙale a waje, gabana ya faɗi don ban ɗauki ƙofar gida ba tukuna. Na cire batir, na yi ta hurawa ina gogewa da gefen riga har ya motsa. Tun daga nan kowane hoto akwai ɗan baƙin ɗigo a samansa ta hagu.

Ƙofar gidan na bari sai yamma. Zaure ne na ƙasa, zanko ɗaya ya karye, an sa ƙyauren ƙarfe a madadin na da. Kawu ya ce in dakata, ya shiga ya sako babbar riga, ya kira 'ya'ya da jikoki suka jeru. Na ɗauke su, sannan na roƙi kowa ya matsa na ɗauki ƙofar ita kaɗai, sau bakwai.

Na dawo Kano da hotuna fiye da 300. A daren na zuba wasu a zauren WhatsApp na dangi, aka yi ta masha Allah, kafin safiya sanarwar biki da ta suna sun binne su. Na kai wa Iya waya ta gani, abin ya ƙi. Idonta ya yi rauni, kuma da ta taɓa gilashin sai hoton ya gudu wani ya zo. Ta miƙo mini ta ce, "Wannan abin naku ba ya tsayawa."

Sai na kai katin shagon masu hoto aka wanko mini 30, na ƙofar gida aka yi shi babba. Ta zauna a tsakar gida inda haske yake, ta ɗora shi a cinya, ta kai yatsa tana bin bango a hankali. Ba ta ce komai kan ƙyauren ƙarfen ba. Yatsan ya gangara can ƙasa ta dama, ya tsaya a kan wani ɗan dutse mai faɗi da ni ban ma lura ya shiga hoton ba. "A nan babanmu ke zama ya yi alwala," in ji ta. Ta faɗi sunan maƙwabcin da katangarsa ta leƙo a gefe, ta tambaya ina kurnar da ke bayan zaure. Na ce ban ga kurna ba. Ta gyaɗa kai.

Hoton su Kawu ta daɗe a kansa, tana nuna fuskoki ina faɗa mata sunaye, ita kuma tana faɗin wanda kowane yaro ya ɗebo kamanninsa. Da ta gama ta ce in sake wanko irinsa guda biyu. Ta naɗe su cikin leda tare da goro da turmin atamfa, ta sa na kai tasha na ba direban Damagaram, na rubuta lambar Kawu a jikin ledar.