Hular hana-sallah da ɗan wasan da ya koma ɗakin kishiya

Duk wanda ya ratsa layin 'yan gwanjo a Kasuwar Ƙofar Wambai zai ga hulunan hana-sallah a rataye, da yawansu masu haruffan N da Y sarƙe da juna a goshi. 'Yan Adaidaita Sahu na sa ta, masu wankin mota na sa ta, amma ba kowa ya san tambarin New York Yankees ba ne, ƙungiyar ƙwallon besbol ta Amurka. Jefi-jefi za ka ga wata mai jan harafin B, ta Boston Red Sox. Mai gwanjo igiya ɗaya yake jera su, kuɗi ɗaya yake yanka musu. A can inda suka fito kuwa, tsakanin masu waɗannan huluna biyu akwai 'yar tsama ta fiye da shekara ɗari, kuma asalinta ɗan wasa ne da ya tashi daga wannan gida ya koma wancan.

A watan Disamba na 1919 mai ƙungiyar Boston, Harry Frazee, ya sayar wa Yankees da tauraron ɗan wasansa, Babe Ruth, a kan dala 100,000. Kafin nan Yankees ba ta taɓa ɗaukar kofin World Series, babban kofin besbol, ba. Yanzu tana da 27. Boston kuwa, daga kofin 1918 ba ta sake gani ba sai 2004, shekara 86 cur. Kaka ya mutu da takaicin, ya bar wa jika.

Mai kallon ƙwallon ƙafa a Kano ya san wannan ciwo. 'Yan Arsenal, waɗanda suka cika gari tun zamanin Kanu, ba su manta Agustan 2012 ba, lokacin da Robin van Persie ya koma Manchester United, ya ci ƙwallo 26 a gasar Firimiya, ya ɗauki kofi. A Afrilun 2013 kuma 'yan wasan Arsenal suka jeru layi biyu a filin Emirates suna tafa wa sababbin zakaru, shi yana cikinsu. A gidajen kallo ranar babu abin da ba a ji ba. Sai dai na besbol ya fi wannan zafi, kuma dalilin lissafi ne kawai. A Firimiya sau biyu za ka haɗu da tsohon ɗan wasanka a shekara. A besbol kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, kuma ƙungiyoyin da ke rukuni ɗaya suna karawa sau 13 a kaka. Kafin 2023 ma sau 19 ne. Ga shi wasan ba ya ɓoye mutum cikin taro: mai bugu yakan fito shi kaɗai da gorarsa, a kira sunansa a lasifika, ya tsaya gaban mai jifa, sau huɗu ko biyar a kowane wasa. Wato wanda ya bar ka zai riƙa tsayawa a tsakar gidanka kwana uku a jere, sanye da rigar kishiya, ana shelar sunansa.

Magoya baya dai ɗan wasa suke zagi: maci amana, makwaɗaici. Amma wanda ya bi yadda tsarin yake zai gane cewa galibi tun shekara biyu ko uku kafin tafiyar aka gama magana, kuma a ofishin ƙungiya aka gama ta.

Da farko, a besbol yaro ba ya zaɓar inda zai buga. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 suna zama su zaɓi matasan Amurka da Kanada bi da bi, waɗanda suka fi shan kashi a bara su ne galibi ke samun damar farko. Shi ya sa "ɗan gida" a wurinsu yawanci yana nufin wanda ƙungiya ta raina, ko da a wata jiha aka haife shi. Irin su Joe Mauer, wanda aka haifa a St. Paul kuma ya yi wasansa kaf a Minnesota Twins daga 2004 zuwa 2018, ba su da yawa.

Daga ranar da yaro ya hau babbar gasa agogo yake fara bugawa. Kwana 172 a cikin jerin 'yan wasa shi ne shekara ɗaya. Sai ya cika shekara shida kafin ya sami ikon sa hannu inda ya ga dama. A shekara ukun farko ƙungiya ce ke yanke masa albashi, kuma yawanci kusa da mafi ƙanƙanta take biya, wanda a 2025 dala 760,000 ne, ko da shi ne ya fi kowa a gasar. A ukun ƙarshe, idan ba a daidaita ba, sai a je gaban masu sasanci mutum uku. Ɗan wasa ya rubuta adadinsa, ƙungiya ta rubuta nata, su kuma dole su ɗauki ɗaya daga ciki. Babu raba gardama, babu "a sallama a tsakiya" irin ta cinikin Kantin Kwari.

A wannan ɗaki ne zumunci yake fara lalacewa. Don ƙungiya ta yi nasara, dole wakilanta su zauna suna lissafo aibin ɗan wasansu, shi kuma yana zaune yana ji. A 2023 Corbin Burnes, mai jifan Milwaukee Brewers, ya nemi dala miliyan 10.75, ƙungiya ta ce 10.01, ita ta ci. Ya fito ya shaida wa 'yan jarida cewa dangantakarsu ta taɓu. Shekara ɗaya bayan nan aka musanya shi zuwa Baltimore. Akwai kuma wasa da agogo: a 2015 Chicago Cubs ta jinkirta hawo da Kris Bryant na 'yan kwanaki a farkon kaka, ya ƙare da kwana 171, saura kwana ɗaya tak ya cika shekara. Wannan kwana guda ya ba ƙungiyar ƙarin kaka ɗaya cur a kansa. Ya kai ƙara bai yi nasara ba. Mutumin da aka yi wa haka yana ɗan shekara 23, da wace fuska za a nemi ya rage farashi don son gida ranar da ya kuɓuta?

Wannan 'yanci ma da ƙyar aka same shi. A da, ƙungiya tana riƙe ɗan wasa har ya yi ritaya ko ta ga damar sayar da shi. Curt Flood ya ƙi yarda a musanya shi a 1969, ya kai magana har Kotun Ƙoli, ya faɗi a 1972. Sai a 1975 mai sasanci Peter Seitz ya 'yantar da Andy Messersmith da Dave McNally, a 1976 aka amince da ƙa'idar shekara shida. Ƙwallon ƙafar Turai ba ta sami irin wannan ba sai hukuncin Bosman na 1995.

Wani bambanci da ke rikita 'yan gidan kallo shi ne a yau tsakanin ƙungiyoyin besbol na Amurka ba a cinikin tauraro da kuɗi kamar yadda Real Madrid ta biya Barcelona a kan Luis Figo a 2000. Musanya ake yi, mutum da mutane. Idan kwantiragi ya ƙare kuwa, ƙungiya za ta iya yi masa tayin shekara ɗaya a kan matsakaicin albashin mutum 125 da suka fi kowa ɗauka, wanda ya kai dala miliyan 21.05 a ƙarshen 2024. In ya ƙi ya tafi, abin da za ta samu kawai ƙarin gurbi ɗaya ne a zaɓen matasa. Saboda haka idan saura shekara ɗaya babu sabon kwantiragi, shugabanni sun fi son su rabu da shi da wuri su karɓi yara uku ko huɗu. Haka Boston ta yi da Mookie Betts, yaron da ta raina, gwarzon gasa na 2018: ta tura shi Los Angeles Dodgers a Fabrairun 2020, can ya sa hannu a kan shekara 12, dala miliyan 365, ya ɗauki kofi a wannan shekarar. Har da batun haraji a ciki. Ƙungiyar da jimillar albashinta ya haura iyaka, dala miliyan 241 a 2025, tana biyan kashi 20 cikin ɗari na abin da ya hau a shekarar farko, 30 a ta biyu, 50 daga ta uku. Ba kowane mai ƙungiya ke son wannan ba, ko da yana da shi.

To amma mai goyon baya ba akawu ba ne. Ba kowace tafiya ce ke ƙona shi daidai ba, kuma abu uku ne ke ƙayyade zafin: ina ka koma, me ka taɓa faɗa, yaushe ka dawo.

Johnny Damon ya haɗa biyun farko. Shi ne ɗan wasan Boston mai dogon gashi da gemu da ya buga ƙwallo ta tsallake katanga har sau biyu a wasa na bakwai da Yankees a 2004, shekarar da Boston ta farfaɗo bayan an cinye ta wasa uku ba ko ɗaya, ta ci huɗu a jere ta fitar da su. A 2005 ya faɗa da bakinsa cewa ba zai buga wa Yankees ba. A Disambar shekarar Boston ta yi masa tayin dala miliyan 40 na shekara huɗu, Yankees ta ce 52, ya tafi. A lokacin Yankees na da dokar hana gemu da dogon gashi, don haka sai da ya je wurin aski. 'Yan Boston suka ga hoton mutum fes, kamar ba shi ba. Da ya dawo filin Fenway ranar 1 ga Mayu 2006 aka yi masa ihu, ya cire hularsa ya ɗaga wa jama'a, wasu suka riƙa jefa masa takardun dala a fili. A ganina, da ya yi shiru tun farko, da rabin wannan bai same shi ba. Magana zarar bunu ce.

Bryce Harper shi ne cikakken ɗan gida: Washington Nationals ce ta zaɓe shi na ɗaya a 2010, ya zama gwarzon gasa a 2015, sannan a 2019 ya koma Philadelphia Phillies, maƙwabciya a rukuni ɗaya, a kan shekara 13 da dala miliyan 330. Makonsa na farko jadawali ya mayar da shi Washington. Aka yi masa ihu, mai jifan Nationals, Max Scherzer, ya fitar da shi sau biyu, filin ya kaure da sowa, can ƙarshen wasa ya maka wata ta tsallake katanga, ya yi jifa da gora sama. Allah da ikonsa, a Oktoban wannan shekarar Nationals ta ɗauki kofinta na farko ba da shi ba. Babu maganin da ya kai wannan.

Juan Soto shekara ɗaya kacal ya yi a Yankees, 2024, kuma ɗan Jamhuriyar Dominika ne, amma da ya tsallaka New York Mets, gari ɗaya, a kan shekara 15 da dala miliyan 765, 'yan Yankees sun ji kamar an yi musu ƙwace. In ka raba, kusan dala 315,000 ke nan a kowane wasa. Da ya dawo a Mayun 2025, 'yan kallon da ke bayansa suka tashi suka juya masa ƙeya. Abin dariyar shi ne wannan ƙungiya ce ta shekara ɗari tana yi wa wasu haka. In ka ji ɗan Yankees yana kukan an fi shi kuɗi, ka tuna masa da Ruth.

Albert Pujols kuwa ya bar St. Louis a ƙarshen 2011 da kofi a hannu, ya koma Angels, ƙungiyar da ba ta gaba da su, kuma bai sake taka filinsu ba sai Yunin 2019. Jama'a suka miƙe tsaye suna tafa masa duk fitowa. A 2022 ya dawo gida ya yi ritaya da jimillar bugun tsallake-katanga 703.

A gasar ƙwallon ƙafa ta gida lissafin ya sha bamban, domin kwantiragi galibi gajere ne, kuma ɗan wasa yakan sauya riga daga kaka zuwa kaka ba tare da wani ya ƙirga masa shekara shida ba. Shi ya sa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ake girmama irin Rabi'u Ali Pele, wanda ya kwashe fiye da shekara goma cikin rawaya da kore. Ɗan Pillars bai cika jin haushin wanda ya fita Turai ba, addu'a ma yake bin sa da ita, kamar yadda aka yi wa Ahmed Musa a 2010 aka kuma tarbe shi a 2021. Wanda ya dawo Ƙofar Mata da rigar wata ƙungiyar gasar gida, ya ci ƙwallo kuma ya yi murna, shi ne zai ji a jikinsa. A teburin mai shayi za ka ji dattijo yana cewa, "Yaro, abinci ya je nema, ka bar shi," matashi kuma ya ce, "Baba, abincin sai a gidan maƙiya?"

Alamomin tafiya a besbol ba ɓoyayyu ba ne. Tauraro ya shiga shekara ta biyar babu dogon kwantiragi. An kai shi gaban masu sasanci a kan bambancin da bai kai miliyan ɗaya ba. Ƙungiya ta fara gwada wani yaro a gurbinsa. Yuli ya zo, wa'adin musanya na ƙarshen wata yana matsowa, ƙungiyar kuma tana ƙasan tebur. Idan uku suka haɗu, kada ka bari a buga maka sunansa a bayan riga. Wanda ya riga ya buga, in na manne ne, a juya rigar, a ɗora ƙyalle, a bi ta da dutsen guga mai matsakaicin zafi, a ɓanɓare haruffan tun da ɗuminsu. Zafi ya yi yawa yadin zai narke, kuma ko an yi sa'a inuwar sunan takan zauna.

Mai son ganin irin wannan dawowa da idonsa sai ya shirya raya dare. Wasan da aka fara ƙarfe bakwai na yamma a New York, a Kano sha biyun dare ne, kuma ko da agogon jifa da aka kawo a 2023 yakan ci awa biyu da rabi. Na Lahadi da rana ya fi sauƙi, domin ƙarfe ɗaya nasu shida ce ta yamma a nan, sai dai sallar magariba za ta raba maka shi.