Lambar da ke kan yatsan majinyaci

Kwana shida na yi ina jinyar yayana a sashen masu matsanancin rashin lafiya, bututu a maƙogwaronsa, na'ura tana yi masa numfashi, ni kuwa idona na kan 'yar na'urar da aka maƙala masa a yatsa, mai nuna lambar yawan oksijin da ke cikin jininsa. Duk lokacin da lambar ta sauka daga 98 zuwa 93 sai gabana ya faɗi. Da na roƙi ma'aikaciyar jinya ta ƙara masa oksijin, sai ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, likita ne ya ce a bar shi a haka."

Daga baya na fahimci cewa oksijin magani ne da ake bayarwa bisa awo, kuma yawansa yana iya lahanta huhun da ake son ceta. Likitoci sun daɗe suna neman iyakar da ta dace. A 2022 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke Amurka, inda aka raba majinyata 2,541 zuwa rukuni uku, aka tsayar da su a kan 90, 94 da 98, amma ba a ga bambanci ba a mace-mace ko a saurin rabuwa da na'urar numfashi. Sai dai a Faransa an dakatar da wani gwaji, wanda aka buga sakamakonsa a 2020, bayan da mutum biyar daga cikin waɗanda aka rage wa oksijin suka sami matsalar ƙarancin jini a hanji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun launin fata. Na'urar yatsa da haske take aunawa, kuma takan nuna lamba sama da gaskiya ga masu baƙar fata. Masana a jami'ar Mishigan sun nuna a 2020 cewa idan ta rubuta 92 zuwa 96, kusan kashi 12 cikin ɗari na awon baƙaƙe yakan kasance ƙasa da 88 a ainihin jini, alhali na farare bai kai kashi 4 ba. Saboda haka ina ganin akwai haɗari a tsayar da mutum irin yayana a kan 90 ba tare da wata shaida ba.

Da na san wannan a lokacin, da ban nemi a ƙara oksijin ba. Da na roƙi likita ya ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannunsa, a gwada shi da abin da yatsa ya nuna.