Korona ta murar yara ba baƙuwa ba ce

Iyaye kan firgita idan gwajin majinar yaro ya nuna "korona". A kwantar da hankali tukuna. Tun kafin COVID-19 akwai irinta guda huɗu da ke yawo cikin mutane: 229E, OC43, NL63 da HKU1. Biyun farko tun shekarun 1960 aka san su. NL63 kuwa a 2004 aka gano ta a Holan, jikin jariri ɗan wata bakwai, kuma cikin huɗun ita ce ke yawan jawo tarin nan mai kama da haushin kare.

Yawancin yara sun kamu da su kafin shiga firamare. Amma cikin yaran da ake kwantarwa saboda ciwon numfashi, kason masu ɗauke da su bai kai na RSV (wani bairos mai kama hanyar numfashin yara) ba, kuma sau da yawa tare ake samun su da wata ƙwayar.

Abin dubawa shi ne numfashi. A ƙirga minti ɗaya cur, yaro na kwance shiru: 60 ga wanda bai kai wata 2 ba, 50 daga wata 2 zuwa 11, 40 daga shekara 1 zuwa 5. In ya kai haka, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, ko ya ƙi mama, sai asibiti. Amoksisilin na kemis ba ya kashe bairos irin su korona.