Waya ta tsinke ta yaga min wutsiyar Hindenburg

Jama'a wallahi jiya saura kaɗan in jefa jirgin nan a kwata. Sati bakwai ina kansa, ƙaramin samfurin Hindenburg ne nake haɗawa, wato katon jirgin balan-balan na Jamus da ya ƙone, sikeli 1:200, wato tsawon mita 245 ya dawo santimita 122 da ɗoriya, zobban gora duk sun haɗu, hanci ya zauna daram, amma wutsiya ta ce ba ta san zancen ba.

Yadin da ke lulluɓe jikin jirgin ne matsalar. Duk sanda na fesa fentin azurfa ya bushe sai ya ja jiki, ƙananan zobban baya su karkace, ni kuma in bi wayoyin ciki ina ɗaurewa don su miƙe. Jiya na kama ɗaya da filaya na murɗa, na ce bari in ƙara rabi, sai ji na yi tas! ta tsinke ta yi bulala ta tsaga yadin ta ciki, daidai gaban fiffiken sama. Gwangwanin fenti na uku kenan fa, kowanne dubu huɗu da ɗari biyar, ban ma sa kuɗin gam ba.

Ina zaune ina kallon yagar sai dariya ta kama ni, don kusan abin da Hugo Eckener, shugaban kamfanin Zeppelin da ya ƙera jirgin, ya ce ya faru da na gasken kenan ranar 6 ga Mayun 1937 a Lakehurst, Amurka. Jirgin ya taso daga Frankfurt, iska ta makarar da shi, hadari ya ƙara tsare shi, da aka zo sauka kyaftin Max Pruss ya sha kwana da ƙarfi. A ganin Eckener nan ne wata waya ta tsinke ta huda jakar gas ta baya, haidirojin, gas mai saurin kama wuta da ke ɗaga jirgin, ya fara tsiyaya. Da can ina ɗaukar maganar shaci-faɗi, yanzu da hannuna ya ji yadda waya mai tsauri ke dukan yadi na daina musu. Kuma ku tuna bayan jirgin ya yi ta rinjaya, suka zubar da ruwa don rage masa nauyi, har suka tura mutum shida can hanci. An saki igiyoyin ɗaure jirgin da ƙarfe 7:21 na yamma, minti huɗu bayan haka wuta ta tashi ta baya, wai tartsatsin lantarki ne irin wanda ke ɗan jan ka in ka cire suwaita da hunturu. Wajen rabin minti komai ya ƙare, mutum 35 cikin 97 suka mutu, da ɗaya a ƙasa.

Masu bin Addison Bain, tsohon ma'aikacin hukumar sararin samaniya ta NASA, da ke cewa fentin jikin ne mai garin alminiyam ya fara ci, na gwada ƙyallen da ya yage a bayan gida, bokitin ruwa a gefe. Ya ci, amma a hankali yake tafiya kamar ba ya so. Na sani fentina ba irin nasu ba ne, kar ku cinye ni, amma dai ina nan kan haidirojin, jaka 16 cike da shi tunda Amurka ta hana Jamusawa hiliyom, gas ɗin da ba ya kama wuta.

Yanzu na ɓare yadin wutsiya gaba ɗaya. Zan fesa sabo a kan firam ya gama jan jikinsa kafin in liƙa, wayoyin kuma in canza su da zaren fatsa. In akwai wanda ya taɓa ɗaure zoben gora da shi, don Allah wane ƙulli ne ba ya zamewa? Nawa biyu sun riga sun kwance.