Sassarfa da kiɗa a kunne

Da likita ya ce jinina ya fara hawa, kuma tumbin da nake kira alamar hutu ya zama abin tuhuma, sai na bi sahun masu sammako zuwa filin Murtala Square da ke Kaduna. Ana idar da sallar Asuba nake baro Unguwar Rimi, in zaga filin da sassarfa, in koma gida kafin rana ta buɗe. Da farko ba na jin komai sai hakina da ƙarar takalmi, kuma duk mai ƙiba da ya taɓa gudu ya san yadda jin hakin kansa yake kashe masa jiki. Ƙanena ne ya miƙo mini iyafis ya ce, "Yaya, sa wannan ka ji yadda za ta kaya."

Abin da na fara lura da shi shi ne lokaci ya gajarce. Zagayen da a da nake ƙirga takunsa ɗaya bayan ɗaya, sai kawai in gan ni a ƙarshensa. Ƙafafun nan su ne dai, huhun ma bai sauya ba, hankali ne ya samu wurin zuwa. Ƙwaƙwalwa ba ta iya sauraron komai a lokaci guda, idan kiɗa ya cika ta, koken da cinya da sharaɓa ke aikowa sai ya iso da rauni. Farfesa Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan ya daɗe yana nazarin wannan fanni, kuma bincikensa ya nuna cewa a motsa jiki mai matsakaicin nauyi, kiɗa kan rage jin wahala da kusan kashi 10 cikin ɗari. A wani gwaji nasa a kan injin gudu, jimirin mutane ya ƙaru da kusan kashi 15.

Sai dai ba kowane kiɗa ke yi ba. Waƙar soyayya mai sanyi ja ni baya take yi, ina ji ƙafata tana jiran ganga. Wanda ya cika sauri kuwa sai ya fizge ni, kafin in je rabi numfashi ya ƙare. Masu binciken sun gano cewa yawancin mutane sun fi jin daɗin kiɗan da ke bugu 120 zuwa 140 a minti ɗaya. Aunawa ba wuya: ka bi kiɗan da tafi na daƙiƙa 15, abin da ka ƙirga ka ninka shi sau huɗu. Ranar da takuna ya faɗa daidai kan bugun ganga, jikin ya daina wannan ɓarnar ta sauri yanzu, jan ƙafa anjima. An gwada haka da masu tuƙa keke, waɗanda suka daidaita ƙafarsu da kiɗa buƙatarsu ta iskar oksijin ta ragu da kusan kashi 7. Haile Gebrselassie na Habasha ma, da ya kafa tarihin gudun mita 2,000 na cikin zaure a Birmingham a 1998, waƙar da ta dace da takunsa aka sa masa a filin.

Ni dai dariya abin ya ba ni, don kakanninmu sun riga Turawa zuwa nan. Wa ya taɓa ganin gayya mai armashi babu gangar noma? Makaɗi na biye da samari kunya bayan kunya, fartanya na sauka tare, rana na dukan ƙeya amma ba mai son a ga kasawarsa. Haka mata a wajen lugude. Mu 'yan Kaduna kuwa mun saba ganin sojoji suna gudun safe da waƙa a baki, wani na bayarwa saura na amshi.

Akwai inda kiɗan yake sallama ka. Idan na ƙure gudu a zagayen ƙarshe, zuciya na dukan uku-uku, ko wace waƙa ce a kunne ba na jin ta, jiki ya ƙwace maganar. Binciken ma haka ya nuna: da aiki ya yi tsanani, kiɗa ba ya rage jin wahalar, iyaka ya gyara maka rai. Wannan bai dame ni ba. Abin da na fi tsoro shi ne wancan rufe gajiyar da yake yi a tsakiya, musamman ga irina mai hawan jini. Ciwon ƙirji, jiri, ko gwiwa da ta fara suka, duk saƙonni ne da bai kamata ganga ta danne su ba. Shi ya sa lokaci-lokaci nake tsayar da waƙar in saurari numfashina, balle da hunturu, lokacin da ƙura ke shaƙe maƙogwaro.

Titi kuma zancensa daban. A kan Independence Way na ga wani matashi kunnuwa biyu a toshe, mai keke Napep yana ta danna masa hon bai ji ba, da ƙyar ya kauce masa. Wani dattijo da muke zagaye tare ya tare shi ya ce, "Ɗana, kunne ɗaya naka, ɗaya na hanya." Tun daga gida har ƙofar fili kunne ɗaya nake sawa, kuma ba na ƙure ƙara, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da kunnen babba zai jure lafiya ita ce ƙarar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kuma da ƙarar ta haura, lokacin raguwa yake yi sosai.

Cikin abokan zagayena akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam. Wani wa'azi yake ji, wani labaran rediyo, kuma su ma suna cewa hanya na yi musu sauƙi, tunda hankali ya tafi wani wuri. Na gwada labaran a ranakun da tafiya kawai nake yi, sun ɗauke mini kewa sosai, amma takuna bai daidaita ba sai da na mayar da ganga.